Ina karanta illar maganin feshi, alhali da kuɗinsa ake biya mini makaranta

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ɗalibi ne a tsangayar aikin gona ta wata jami'a a nan Arewa, ina aji huɗu, shekarar da muke yi a gona. Baɗi in Allah ya kai mu zan zaɓi sashen da zan ƙware a kai, kuma raina yana kan sashen kare amfanin gona daga ƙwari da cututtuka. Mahaifina mai shagon maganin feshi da iri ne a kasuwar garinmu. Da shagon ya ciyar da mu, da shi yake biya mini makaranta, burinsa kuma in gama in zo in riƙe shi. To amma abin da nake koyo ya hana ni sukuni. A hutun da ya wuce na zauna a shagon, na ga 'yan wake suna sayen maganin da na san a buhu za su zuba shi. Na ga manomin tumatir ya sayi kala uku zai haɗa a tanki ɗaya, ba wanda ya tambaye shi me ke cin gonarsa. Na kasa daurewa, na ce wa mahaifina a gaban yaran shago guba muke sayar wa jama'a. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abokaina sun ce in zaɓi sashen tattalin arzikin noma, in nemi aikin banki, in huta da rigima. Shin in canza? Idan kuma na karanci kare amfanin gona, akwai abinci a cikinsa ba tare da na cuci kowa ba?

Ɗanka, ɗalibi mai neman mafita.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka.

Tambaya biyu ka yi mini, amma akwai ta uku da ka ratsa ta gefenta ba ka tsaya ba, kuma da ita zan fara. Ka je ka ba mahaifinka haƙuri. In nisa ya hana ka zuwa yanzu, ka kira mahaifiyarka ko baffanka su fara share maka hanya. Ranar da ka shigo gari ka bari sai bayan isha, ya ci abinci, babu kowa a wurin, ka zauna a ƙasa ka ce ka yi kuskure. Kada ka liƙa wa haƙurin nan "amma". Mutumin da ya shekara da shekaru yana buɗe shago da sassafe, yana bin manoma bashi daga damina zuwa kaka, ya wayi gari ɗan da yake kashe wa kuɗin boko ya kira sana'arsa sayar da guba a gaban yaran da yake ba umarni. Girmansa ka taɓa, ɗana, kuma wannan ciwon ya fi na maganar magani zurfi. Ko da gaskiya tsagwaronta ka faɗa, wurin faɗar bai dace ba. Balle ma rabinta ka faɗa.

Na yi aikin malamin gona shekaru masu yawa kafin in ajiye, na kuma ga irin wutar da ke kama ɗalibi a shekarar da idonsa ya fara buɗewa. Wuta ce mai kyau, ba na so ta mutu. Sai dai ka sake duba abin da malamanku ke koya muku. Haɗakar dabarun yaƙi da ƙwari ba ta ce a zubar da magani a kwata ba. Cewa ta yi a san ƙwaron tukuna, a san inda yake ƙwai da inda yake ɓuya, a ƙirga shi, a san masu cinsa, a toshe masa duk ƙofar da ake iya toshewa da zaɓen iri da lokacin shuka da tsabtar gona. In duk da haka ɓarnar da zai yi ta fi kuɗin feshi, sai a yi feshi, da maganin da ya dace da shi, daidai awo, a lokacin da zai same shi. Manomin da tsutsa ta shigar wa masara tana mako uku da tsira, ka ce masa magani guba ne ya koma gida, to ka jefa iyalinsa a yunwa. Abin da ka gani a shagonku ya ɗaga maka hankali shi ne magani babu ilimi a tare da shi, ilimin kuwa kai ake biya wa kuɗi ka je ka ɗauko.

A ranin 2016 ina cikin waɗanda suka yi ta zirga-zirga a gonakin tumatir na yankin Kura da Kadawa, lokacin da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa sharon, ta yi wa noman rani kaca-kaca. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifaniya a 2006, kafin shekara goma ta iso mana. A watan Mayun shekarar har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Akwai wani dattijo da ba na mantawa. Na same shi da rana tsaka da tankin feshi a bayansa, ƙafa ba takalmi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da abin da ke yoyo daga murfin tankin. A gindin bishiyar da yake hutawa ga tulin kwalaben da ya ƙarar. Kwana biyu-biyu yake feshi, gonar kuma sai ƙara ƙonewa take kamar an bi ta da wuta. Na tsinko ganye ɗaya, na ɗaga shi saitin rana, na ce ya matso ya duba. Ga tsutsar nan a tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, tana motsi cikin ramin da ta ci, ba ta kai tsawon farce ba. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ce mini ashe ita tana cikin ɗaki, shi kuwa rufi yake ta watsa wa ruwa. Ya shekara fiye da talatin yana noman tumatir, ya kashe abin da yake da shi a shagunan magani, amma ba wanda ya taɓa ɗaga masa ganye ya nuna masa.

Ka san dalilin da ya sa irin wannan feshi ke ƙara dagula lamari, kun karanta. Maganin da ke kashe komai yakan fara da gizo-gizo da ƙananan zanzaro da sauran masu farautar tsutsa, domin su ne ke yawo a sarari. Ita kuwa tana ɓoye. 'Yan kaɗan da maganin ya taɓa ba su mutu ba su ne za su hayayyafa, macen sharon ɗaya tana iya zuba ƙwai sama da 200, kuma a lokacin zafi cikin wata guda ko ƙasa da haka jikoki sun fito. Kafin kaka biyu sai ka ji ana cewa maganin jabu ne, alhali wani lokacin maganin na nan yadda yake, ƙwaron ne ya saba. Sai a ƙara awo, sai a haɗa kala uku kamar yadda ka gani, sau da yawa ma ukun sinadari ɗaya ne aka canza wa suna da kwalba. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan rami ba. Indunusiya ta yi ta rangwanta wa manoman shinkafa kuɗin magani, wani ɗan ƙwaro mai tsotsar karan shinkafa ya yi ta ƙaruwa maimakon raguwa, sai da shugaban ƙasar ya haramta magunguna 57 a gonakin shinkafa a 1986, aka koma koya wa manoma ƙirga ƙwari da masu cinsu a cikin gonakinsu.

Yanzu rabin da ka yi gaskiya, kuma a nan ba zan sassauta ba. Zuba maganin feshi a cikin buhun wake cuta ce. Sinadarin da aka fi yin wannan da shi, wanda ake rubuta DDVP a jikin kwalbarsa, ba a yi shi don ya taɓa abin da za a dafa ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda shi. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kilo ɗaya, aka sami waken da ya kai 4.6. Su suna da ɗakin gwaji a bakin iyaka, sun auna sun mayar. Mu fa? Waken nan shi ne ƙosan da yaro ke saya da safe a hanyar makaranta, shi ne alalar mai jego, shi ne wake da shinkafar almajiri. Haka ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke kira bom, wadda aka yi don turara hatsi a rufaffen sito a hannun wanda aka horar, sai ka tarar an jefa ta a buhu an jingine a ɗakin da yara ke kwana. Ga galan ɗin magani da ake ɗaurayewa a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Ga tumatir da aka yi wa feshi da yamma aka tsinka da asuba, alhali a jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira kafin girbi. Duk wanda ya ga waɗannan hankalinsa bai tashi ba, karatun bai shige shi ba.

Amma ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa ɗan wake ke yin haka. Ba don yana son kashe kowa ba ne. Ya zuba jarinsa kaf a wake da kaka, yana jiran farashi ya tashi da bazara, ya kuma san ƙwaron tun daga gona yake biyo waken. Macen takan liƙa ƙwanta a jikin ƙwayar, ɗan farin ɗigon nan da kake gani, tsutsar ta huda ta shiga ciki, cikin wata guda ta fito ta sake zubawa. Wata uku zuwa huɗu buhu ya koma gari da ramuka. In ka hana shi magani ba ka ba shi wani abu a madadinsa ba, shagon gaba zai je.

Madadin kuwa yana nan, ka san shi: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masana na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a duba ledojin kada a sami huda, a cika, a matse iska, a murɗe bakin kowace leda a lanƙwasa a ɗaure ta ita kaɗai, a ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu. Babu ɗigon magani ko ɗaya. To wannan buhu a ina ɗan wake zai same shi? A shago. Tarkon da ke jawo namijin sharon da ƙanshin macen, don manomi ya san ta shigo kafin ta yi ɓarna, shi ma a shago ake sayar da shi. Haka irin da ke jure cuta, da man darbejiya, da Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don rage gubar fumfuna a masara da gyaɗa, da safar hannu da takunkumi da takalmin roba da ɗan kofin awo. Duk binciken da ake yi a Samaru da Ibadan, in bai sami kanta da zai zauna a kai a kasuwar ƙauye ba, a takarda zai ƙare.

Shi ya sa nake ganin abin da kake ɗauka kaya ne a kanka, shi ne babban rabonka. Malamin gona ɗaya yana da ƙauyukan da ba zai iya zagaye su a damina guda ba, na yi aikin na sani. Manomi in ya ga ganyensa ya canza, ba ofis yake zuwa ba. Tsinko ganyen yake ya ƙulle a leda, ranar kasuwa ya kai wa mai shagon magani. Shagon mahaifinka shi ne asibitin gonakin yankinku, ko an kira shi haka ko ba a kira ba. Abokan karatunka da yawa za su gama su yi shekaru suna neman manomin da zai saurare su, kai kuwa manoma ke zuwa ƙofarku da ƙafarsu. Kuma kada digiri ya sa ka raina abin da Alhaji mahaifinka ya sani. Ya san watan da kowace tsutsa ke tasowa a yankinku, ya san ƙauyen da ke fara kuka da ita, ya san jabun kaya daga murfinsa, ya san manomin da ke biya da wanda ba ya biya. Wannan ba ya cikin kowane littafi na ɗakin karatunku. In kun shirya, ka riƙa tambayarsa, ka riƙa rubutawa a gabansa. Uba yana jin daɗin ɗa mai tambaya, kuma daga tambaya ake samun ƙofar faɗar abin da aka sani ba tare da an zama mai wa'azi ba.

Game da sashe, ka zaɓi kare amfanin gona. Tattalin arzikin noma karatu ne mai daraja, amma ba sonsa kake ba, gudun rigima ne zai kai ka, rigimar kuma tana gida tana jiranka ko me ka karanta. Ƙasar nan ta sha wuya a hannun ƙwari fiye da yadda matasa suka sani. A 1975 cutar rozet, wadda darɓa ke ɗauka daga gyaɗa zuwa gyaɗa ta nannaɗe ganyen ta tsugunar da shukar, ta lalata kimanin hekta 700,000 a Arewa, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗa. Abin da ya taimaka daga baya shi ne irin da ke jure cutar, da shuka da wuri, da matse tazara, domin darɓa ta fi sauka a gonar da ƙasa ke leƙowa tsakanin shuka. Lokacin da wani farin ƙwaro ya tasar wa rogon Afirka, masanan IITA, cikinsu har da Hans Herren, sun samo ɗan zanzaron da ke cinsa daga Kudancin Amurka, aka fara sakinsa a 1981, ya bazu da kansa ya danne annobar ba tare da manomi ya sayi komai ba.

Wanda ya fi burge ni yana nan kusa, a Nijar. Tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana cin ta a karkace, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, da jami'ar Maraɗi da cibiyar ICRISAT ta ƙasa da ƙasa sun yi mata tarko da wani ɗan zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. A ɗan ƙaramin buhun algarara ake zuba gero da tsutsotsin da aka kiwata da matan zanzaron, a rataya a bishiyoyin gonaki lokacin da gero ke fitar da kai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su fito ta ramukan saƙar, su bi zangarniya, su harbi tsutsar ta sandare, su yi ƙwai a jikinta. Ba ya harbin mutum, ba ya taɓa dabba. Har ƙungiyoyin manoma sun koyi kiwonsa. Duk sa'ad da na tuna wannan sai in ji ina ma ƙuruciya ta dawo in koma aji. Shi ya sa nake ce wa ɗalibanmu su koyi Faransanci ko da na karatu ne, domin maƙwabtanmu da muke noma gero ɗaya da wake ɗaya da su suna rubuta abubuwa masu amfani da ba ma karantawa.

Karatun kansa ba shi da sauƙi, kada a ruɗe ka. Za ka haddace dangogin ƙwari, ka bambance cutar fumfuna da ta bakteriya da ta bairos, ka san tsutsotsin da ke ƙulla saiwa, ka san ciyayi irin su wuta-wuta da ke tsotse dawa tun tana ƙarƙashin ƙasa. Darasin ƙididdiga da ɗalibai ke gudu shi ne zai raba ka da mai cewa "na gwada ya yi". Ka riƙe shi da kyau. Wannan shekarar ta gona da kake ciki kuwa ita ce zuciyar digirin, kada ka bari ta wuce a sa hannu a rajista. Ka sayi ɗan madubin ƙara girma na aljihu da littafin rubutu mai kauri. Ka shiga masara da sanyin safiya, ka tsaya wuri biyar a warwatse, ka duba shuka goma a kowane wuri, ka leƙa tsakiyar da sabon ganye ke fitowa ko akwai ɗanyen kashi mai kama da garin katako. Wannan ita ce alamar tsutsar masarar nan da aka fara gani a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Najeriya da maƙwabta. In masara tana ƙarama ka sami goma cikin hamsin sun kamu, lokacin ɗaukar mataki ya yi, kuma a cikin tsakiyar ake sa maganin, da safe ko da yamma. In biyu ka samu, ka dawo bayan 'yan kwanaki ka sake ƙirgawa. Mutumin da ya iya wannan da hannunsa ya fi mai maki mafi yawa a aji amfani ga manomi.

Ka kuma saba da abubuwan da ake taƙaddama a kansu. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, an sauya masa ƙwayar halitta don ya kare kansa daga tsutsar Maruca mai cin fure da kwanso, har feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya sauko kusan sau biyu. Wasu na murna da shi, wasu na ɗari-ɗari. Manomi zai tambaye ka, kuma amsar da ta dace da kai ita ce wadda ka karanto da kanka, har da gaya masa cewa irin ba ya hana ƙwarin da ke tsotsar kwanso, ba ya kuma hana ƙwaron rumbu.

Aikin binciken da za ka kammala digiri da shi, ka ɗauko shi daga shagonku. Waɗanne magunguna manoman yankinku ke saya, don wane ƙwaro, da wane awo, mutum nawa ke iya karanta rubutun jikin kwalba, mutum nawa suka san jan layi a gindin kwalba yana nufin haɗari mafi tsanani, ruwan ɗorawa na biye, sai shuɗi, sai kore. Malaminka zai yi maraba da irin wannan, kuma mahaifinka zai ga sana'arsa ta shiga littafin jami'a da sunan ɗansa a bango.

Batun abinci, ba zan yi maka daɗin baki ba. Aikin gwamnati ya yi ƙaranci, mai digirin noma yana iya gama bautar ƙasa ya zauna shekara biyu yana jira. Ƙofofin dai akwai su: cibiyoyin bincike irin su IAR da IITA da NSPRI mai kula da adana amfanin gona, hukumar NAQS mai tantance kayan gona da ke shiga da fita, NAFDAC, hukumomin bunƙasa noma na jihohi, kamfanonin iri, da masu fitar da riɗi da zoɓo da citta waje, waɗanda kwantena ɗaya da aka mayar musu saboda ƙwaro ko ragowar magani ke iya karya su. Mafi yawan masu kyau a cikinsu suna son digiri na biyu, kuma ABU da BUK duk suna da sashen. Amma in ka tambaye ni, shagon da aka riga aka kafa, mai abokan ciniki, in aka ɗora masa ilimi, ya fi yawancin albashin da abokanka ke mafarki. Kana iya horar da samari huɗu ko biyar su riƙa zuwa duba gona da yin feshi da cikakkun kayan kariya, manomi ya biya kuɗin aiki maimakon ya aiki ɗansa ɗan shekara goma sha biyu da tanki. Gaskiya ne ranar da ka ce wa manomi kwalba ɗaya ta ishe shi, cinikin kwalba biyu ya tafi. Haka zai faru, kuma mahaifinka zai lura. Amma manomin da ka hana asara yakan dawo sayen iri da taki, ya taho da maƙwabcinsa.

Yana iya yiwuwa ka yi duk wannan Alhaji ya ce shi haka ya saba, ba zai tsaya tambayar kowa abin da zai yi da abin da ya saya ba. Shagon nasa ne, ba naka ba tukuna, ba ka da ikon tilasta masa. Abin da kake da iko da shi hannunka ne. Sayar da maganin gona sana'a ce halal kamar sayar da wuƙa, amma wanda ya gaya maka da bakinsa a wake zai zuba, kada hannunka ya miƙa masa. Ka sanar da mahaifinka wannan ku biyu, cikin ladabi, sau ɗaya, ka ce tsoron haƙƙin mutane kake ji masa da kanka. Musulmi ne, ya san babu cuta babu cutarwa. Ka bar maganar ta yi aikinta a zuciyarsa, kada ka riƙa nanatawa.

Bayan haƙurin ya karɓu, ka roƙe shi abu ɗaya kawai: ɗan lungu a cikin shago. Da kakar bana ka sayi wake da kuɗin aljihunka, ko tiya ashirin ce, ka raba biyu a gaban yaran shago. Rabi a buhun PICS, ɗaure uku yadda na faɗa, rabi a buhun da aka saba, babu magani a ko ɗaya. Ka rubuta kwanan wata a jikinsu, ka ɗora su a kan katako inda duk mai shigowa zai gani, ka koma makaranta. Wanda ya tambaya, yara su ce na gwajin ɗan Alhaji ne. In ka dawo hutu bayan wata huɗu ko biyar, ka zaɓi ranar kasuwa da hantsi, lokacin da 'yan wake suka cika benci, ka sa a shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar shago. Ka tabbata kafin ranar ka ajiye ko da buhunan PICS ashirin a ƙarƙashin kanta. Sannan ka miƙa wa mahaifinka wuƙar, shi zai yanke igiyar.